Bayan Rama Sai Ƙiba: Abin Lura Ga Masu Shan Maganin Ƙanjamau

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar Gaya da Ajingi kafin shekarar 2000 ya san irin fargabar da sunan ƙanjamau ya ke jefa mutane a ciki. Sunan ma kansa daga ƙanjamewa aka ciro shi, watau mutum ya bushe ya koma ƙashi da fata. A wancan zamani in saurayi ya tafi cin rani Ikko ko Fatakwal, ya komo gida da zawo da tarin da ba su jin magani, sai ka ga an shiga raɗe-raɗi a bakin kasuwa, kafin damina ta kewayo kuwa an kai shi makwancinsa. Wasu har laƙabi suka yi wa cutar, suna ce mata "kabari kusa". Ba su yi ƙarya ba a lokacin, gama babu abin da likita ya ke iya yi sai ba da haƙuri.

Yau kuwa, alhamdu lillahi, labari ya sake. Wanda ya ke da ƙwayar cutar a jikinsa, in ya riƙe maganinsa, ƙwaya ɗaya tak kowace rana, zai yi nomansa, ya ci kasuwarsa, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya lafiyayyu, ya kuma tsufa kamar kowa. To, amma tsawon kwanan nan da Allah ya ba da ta hanyar magani ya zo da wata matsala wadda ba a san ta ba a da, domin a da masu ciwon ba su daɗewa har ta cim musu. Likitoci a ƙasashe da dama sun lura cewa daga cikin manyan mutane masu shan maganin nan akwai masu yin ƙiba fiye da kima, akwai waɗanda sukari ke hawa a jininsu, ko kitse ya taru a jijiyoyinsu, ko hawan jini ya kama su, wasu kuma ƙodarsu ta raunana. Wannan ita ce maganar da mu ke so mu duba tare da masu karatu yau, don ta shafi gidaje da yawa a ƙasarmu, ko da ya ke ba kowa ke faɗa ba.

Abin da ya zaburar da mu ga wannan rubutu shi ne abin da ya sami wani malamin makarantar firamare da muka daɗe da sani ta wajen aiki. Ba za mu faɗi sunansa ko garinsu ba, don amana ce. Shekarun baya ya kwanta har an fid da rai, sa'an nan aka gano abin da ke damunsa, aka ɗora shi a kan magani, ya miƙe. Bai taɓa fashin sha ba. Ya yi ƙiba, ya ajiye tumbi, duk wanda ya gan shi sai ya ce, "Kai, Malam, lalle ka samu lafiya!" Shi ma haka ya ɗauka. Ran nan yana tsaye gaban allo sai alli ya suɓuce daga hannunsa, bakinsa ya karkace. Da aka kai shi asibiti aka auna, ƙwayar ƙanjamau ba a ko ganinta a jininsa, amma jininsa ya hau ya wuce misali, sukari kuma ya yi yawa. Bayan harshensa ya ɗan saki, ya gaya mana da bakinsa cewa ya fi shekara biyu yana karɓar magani ba a ɗaura masa abin awon jini a damtse ba, shi kuma bai taɓa tambaya ba. Yanzu yana jan ƙafa, koyarwa kuwa ta gagare shi. An tsare ƙofar gida da kyau, sai ɓarawo ya hauro ta katanga.

Yadda Aka Kai Ga Wannan Matsayi

A shekarar 1986 aka ba da sanarwar samun mai ƙanjamau na farko a Nijeriya. A 1996 likitocin Turai da Amurka suka tabbatar cewa in an haɗa magunguna uku wuri ɗaya suna danne ƙwayar cutar, amma saboda tsada talakan Afirka sai dai ya ji labari. A 2002, zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, Gwamnatin Tarayya ta soma wani shiri na ba manya 10,000 da yara 5,000 magani da rangwame. A 2003 Shugaba George Bush na Amurka ya kafa shirin taimakon nan mai suna PEPFAR, wanda kuɗinsa ya soma aiki a Nijeriya a 2004. Daga 2006 maganin ya zama kyauta a asibitocin Gwamnati, a 2016 kuma Nijeriya ta karɓi shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya cewa duk wanda aka samu da ƙwayar a fara ba shi magani nan take, ba sai jikinsa ya raunana ba.

A 2018 aka yi babban bincike gida-gida a duk faɗin ƙasar nan, Shugaba Muhammadu Buhari ya bayyana sakamakonsa a watan Maris na 2019. An sami mutum kamar miliyan 1.9 masu ɗauke da ƙwayar, watau kashi 1.4 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 49. A shiyyarmu ta Arewa maso Yamma abin ya yi sauƙi, kashi 0.6 ne, watau mutum shida cikin dubu. Kada wannan sauƙi ya rufe mana ido. Ƙidayar 2006 ta nuna mutanen Ajingi sun haura dubu 170, na Gaya kuma kamar dubu 200, ga haihuwa kullum ana yi. In aka buga lissafin shida cikin dubu a kan manyan mutanen waɗannan ƙananan hukumomi biyu, za a ga ba za su kasa ɗaruruwa ba. Waɗanda suka soma shan magani suna samari da 'yan mata a wajen 2006 kuwa, yanzu sun haura arba'in, wasu sun ba hamsin baya.

Maganin ma an yi ta sake shi. A farkon shekarun an yi amfani da wani mai araha, stavudine, wanda ke zuƙe kitsen fuska da hannu da ƙafa har kumatu su lotsa, ya kuma sa tafin ƙafa zafi da mayen jijiya. Tun daga ƙarshen 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a janye shi. Aka koma ga haɗin da ya ƙunshi efavirenz, wanda ke sa wasu jiri da munanan mafarkai. Daga 2018 Nijeriya ta soma mai da mutane kan sabon haɗi na tenofovir da lamivudine da dolutegravir, a watan Yuli na 2019 kuma Hukumar ta ce shi ne ya fi dacewa da kowa. Magani ne nagari ƙwarai. Yana danne ƙwayar cutar da sauri, ƙwayar ba ta saba masa da wuri, ga araha: a 2017 an daidaita kuɗinsa dala 75 na mutum ɗaya a shekara, a 2023 ya sauko ƙasa da dala 45.

Abu Uku Ne Suka Haɗu

In an tambaya, me ke kawo wa mai shan magani sukari da hawan jini, amsa ita ce abu uku ne suka taru suka yi masa taron dangi.

Na farko ita ƙwayar cutar kanta. Magani yana danne ta ne, ba ya kashe ta duka. Tana nan laɓe a wasu sassan jiki kamar garwashin da toka ta rufe, garkuwar jiki kuwa tana tsaye cikin shirin yaƙi dare da rana. Wannan zama cikin shiri yana gajiyar da jijiyoyin jini, yana sa cikinsu ya yi kaushi, kitse ya sami wurin mannewa. A 2018 masana sun tattara bincike da dama na ƙasashen duniya suka haɗa, suka ga cewa mai ɗauke da ƙwayar ya ninka wanda ba shi da ita sau biyu wajen haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Na biyu shi ne maganin. A Johannesburg ta Afirka ta Kudu an gwada magunguna a kan mutum fiye da 1,000, aka buga sakamakon a 2019. Bayan mako 48, masu shan efavirenz sun ƙara nauyi kamar kilo 1, masu shan dolutegravir da tsohon tenofovir kamar kilo 3, masu shansa da sabon tenofovir kuwa kamar kilo 6, mata kuma sun fi maza ƙiba. A Yawunde ta Kamaru ma an yi irin wannan gwaji, aka ga masu dolutegravir sun ƙara kamar kilo 5, ɗaya ɓangaren kilo 3. A Kampala ta Uganda likitoci sun ba da labari a 2020 cewa cikin mutum 3,417 da ke kan sabon maganin, 16 sukarinsu ya hau ƙwarai. Adadin kaɗan ne, amma ga wanda abin ya faɗa wa ba kaɗan ba ne. Gaskiya kuwa masana suna ta muhawara a kan dalilin ƙibar. Wasu sun ce sabon maganin ne ke kawo ta, wasu sun ce tsofaffin ne ke hana jiki ƙiba, da aka janye su sai jiki ya sake. Wani rabon ƙibar kuma komowar lafiya ce kawai bayan rama. Ko ma wanne ne, ma'auni ba ya ƙarya. Ban da wannan, tsohon tenofovir ya kan taɓa ƙoda da ƙashin wasu in an daɗe ana sha, lopinavir kuma, wanda a kan ba wasu in maganin farko ya ƙi, ya kan ƙara kitse a jini.

Na uku shi ne shekaru da irin zaman da mu ke yi, wannan kuwa bai bar kowa ba. Bincike ya nuna kamar mutum uku cikin manya goma a Nijeriya suna da hawan jini, da yawansu kuma ba su sani ba. Mai ƙanjamau yana ɗauke da wannan kaya irin na kowa, ga kuma guda biyu an ɗora masa a kai.

Ga yadda abin ke aiki a jiki. In mutum ya ci tuwo ko shinkafa, abincin ya kan narke ya koma sukari ya shiga jini. Jiki yana yin wani sinadari mai suna insulin, wanda shi ne mabuɗin da ke buɗe wa sukari ƙofa ya bar jini ya shiga tsoka ya zama ƙarfi. Kitsen da ke taruwa a cikin ciki, kewaye da hanji da hanta, shi ke sa ƙofar ta cije. Sai sukari ya tsaya a jini yana cin jijiyoyi a hankali, na ido, na ƙoda, na ƙafa, na zuciya, na ƙwaƙwalwa. Likitoci suna duba alamu biyar: faɗin ƙugu, hawan jini, sukari, da iri biyu na kitsen jini. In uku daga ciki sun fita ƙa'ida, mutum ya shiga haɗari. Muguntar abin ita ce hawan jini ba ya yin sallama. Mutum ya kan yi shekaru da shi ba ciwon kai ba jiri, sai ran da ya kayar da shi.

Kada Kowa Ya Ajiye Maganinsa

Muna tsoron kada wani ya karanta wannan ya ce, to, tun da haka ne bari in huta da ƙwayar nan. Wanda ya yi haka ya hallaka kansa. An taɓa gwada wannan dabara a kan mutum fiye da 5,000 a ƙasashe 33, aka ce wasu su riƙa sha kullum, wasu su riƙa hutawa in jikinsu ya yi ƙarfi. A watan Janairu na 2006 dole aka tsai da gwajin ba a gama ba, don masu hutawa sun ninka sauran fiye da sau biyu wajen faɗawa mugun ciwo ko mutuwa. Abin mamaki ma, ciwon zuciya da ƙoda da hanta, waɗanda a ke tsammani magani ke kawowa, sun fi kama masu hutawar. Saboda haka maganin ƙanjamau ya zauna daram. Abin da mu ke nema shi ne a ƙara masa abokan aiki.

Hanyar yin haka kuwa sananniya ce. A 2023 an bayyana sakamakon wani gwaji a kan mutum 7,769 masu ɗauke da ƙwayar, 'yan shekara 40 zuwa 75, a ƙasashe 12. An ba rabinsu ƙwayar rage kitsen jini mai suna pitavastatin kowace rana, sai aka ga manyan cututtukan zuciya da jijiyoyi sun ragu da kashi 35 cikin ɗari a cikinsu.

Halin Da A Ke Ciki A Ƙasarmu

Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. In muka dubi Ajingi da Gaya da ƙauyukansu, za mu ga abubuwan da ke ƙara wa wannan matsala nauyi.

Akwai yadda mu ke kallon ƙiba. A wurinmu alamar hutu ce da wadata. Amarya in ta yi wata uku a ɗakinta ba ta murmure ba, sai a ce miji ba ya ciyar da ita. Ga mai ƙanjamau kuwa ƙiba ta fi haka daraja, don ita ce shaidar da ya ke rufe bakin masu raɗa da ita. Yaya za ka ce wa matar da ta sha zunɗe saboda rama ta rage ƙiba? Wasu ma har sayen ƙwayoyin nan su ke yi da a ke kira "sha ka fashe", a kemis ko wurin masu talla ran kasuwa. Daga cikin abin da a ke sayarwa da wannan suna akwai dexamethasone, wanda ke kumbura fuska, ya hau da sukari da jini, ya kuma raunana garkuwar jiki, alhali garkuwar nan ita ce a ke ta lallaɓawa.

Akwai kuma sakewar abinci. Iyayenmu tuwon dawa da na gero suka ci, da miyar kuka da kuɓewa mai daddawa, da fura, da wake, da kwaɗon zogale. Gona a ƙasa su ke zuwa, mata kuwa ga surfe, ga daka, ga jan ruwa a rijiya. Yau shinkafa da taliya da burodi sun shiga kowane ƙauye. Mai shayi ya kan zuba sukari cokali uku ko huɗu a kofi ɗaya, baƙo ba a karrama shi ba sai an ajiye masa lemon kwalba, miya kuwa sai an jefa mata dunƙulen magi a kan gishiri, ga kanwa. Babur ya ɗauke tafiyar ƙasa, inji ya ɗauke daka. Ba mu ce a koma wahalar da ba. Amma jikin da ya daina aiki bai daina ci ba, dole abin ya taru a wani wuri.

Sa'an nan akwai tsarin aikin asibiti a ƙasar nan baki ɗaya. Sashen ƙanjamau an gina shi da kuɗin taimako daga waje, yana da littafin rajista, da masu buga waya in mutum ya yi fashi, da awon yawan ƙwayar cuta a jini, duk kyauta. Abin da masu ba da kuɗi ke tambaya shi ne, mutum nawa ke shan magani, nawa ne ƙwayarsu ta danne. Hawan jini da sukari kuwa wata ƙofa ce dabam, da wani kati, da wani layi, kuma da kuɗi. Tsarin ba da maganin wata uku ko wata shida gaba ɗaya ya sauƙaƙa wa talaka kuɗin mota, abin yabo ne, amma ya sa ma'aikacin lafiya ba ya ganin mutum sai sau biyu ko huɗu a shekara. In ba a auna shi a waɗannan ranaku ba, yaushe za a auna shi?

Babbar ƙaya kuma ita ce kunya. Mutum ya kan tashi daga Ajingi da asuba, ya wuce asibitin da ke kusa da shi, ya bi ta Gaya, ya haye gadar Wudil, ya tafi Kano karɓar magani, don kada ya haɗu da idon sani. In wani ciwo ya kama shi a gida, sai ya je wurin mai kemis ko wani malamin asibiti, ya ɓoye abin da ya ke sha. Nan kuwa haɗari ya ke. Dolutegravir yana ƙara ƙarfin metformin, babban maganin sukari, don haka dole likita ya sani ya daidaita awo. Maganin ƙwannafi da ƙwayoyin ƙarin jini da na ƙashi suna riƙe dolutegravir a ciki su hana shi shiga jini, ƙa'ida ita ce a sha shi awa biyu kafinsu ko awa shida bayansu, sai fa in likita ya tsara wata hanya. Mai shan maganin tarin fuka kuma sai an ƙara masa awon dolutegravir. Tun 2014 akwai dokar Tarayya da ta hana wulaƙanta mai ƙanjamau a wurin aiki ko makaranta ko asibiti, amma doka ba ta hana harara a wurin biki.

Maganar Kuɗi

A watan Janairu na 2025 Shugaba Donald Trump ya dakatar da taimakon da Amurka ke bai wa ƙasashen waje don a sake duba shi, hankalin kowa ya tashi. A watan Fabrairu na shekarar Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da Naira biliyan 4.8 don sayen maganin ƙanjamau, aka kuma ƙara dala miliyan 200 a kasafin 2025 don cike giɓin harkar lafiya. Wannan ya koya mana abin da Bahaushe ya daɗe da faɗa, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Tun da nauyin yana komowa wuyanmu, ba za mu iya riƙe asibiti biyu a cikin asibiti ɗaya ba. Haɗa aikin wuri guda ya fi sauƙi ga Gwamnati da talaka duka.

An kuwa gwada an gani. A Tanzaniya da Uganda an haɗa masu ƙanjamau da masu sukari da masu hawan jini a ɗakin jira ɗaya, ma'aikata ɗaya, wurin karɓar magani ɗaya, a asibitoci 32. Sakamakon da aka buga a 2023 ya nuna mutane sun ci gaba da zuwa, kuma danne ƙwayar ƙanjamau bai ragu ba. Wani alherin tsarin shi ne wanda ya gan ka a layi bai san abin da ya kawo ka ba. A nan gida ma muna da harsashi. A 2020 aka soma shirin yaƙi da hawan jini a ƙananan asibitocin Jihar Kano da Jihar Ogun, inda aka koya wa ma'aikatan ɗakin shan magani aunawa da ba da magani bisa tsari mai sauƙi. Likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano kuma, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, sun yi bincike a kan ƙodar manya fiye da 2,000 masu shan maganin ƙanjamau. Ashe ilmin yana nan Kano, saura a kai shi ƙauye.

Shawararmu

Ga Ma'aikatar Lafiya ta Jiha da hukumar yaƙi da ƙanjamau, muna roƙo a sa doka cewa ba a miƙa wa kowa maganinsa sai an auna nauyinsa da ƙugunsa da jininsa an rubuta a katinsa, a kuma auna sukari da lafiyar ƙoda aƙalla sau ɗaya a shekara. A watan Mayu na 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure. Wannan doka za ta sa a gano mutane da wuri, to, kowane ɗaya a auna masa waɗannan abubuwa tun ranar farko, don a san daga inda aka tashi. Muna kuma roƙo a shigar da marasa ƙarfi daga cikinsu cikin shirin taimakekeniyar lafiya na Jiha, da asusun nan da dokar lafiya ta 2014 ta kafa, wanda ya keɓe aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar Tarayya don lafiya a matakin farko. Abin kunya ne a ceci mutum da magani kyauta shekara ashirin, sa'an nan a rasa shi don kuɗin ƙwayar hawan jini.

Ga shugabannin ƙananan hukumomin Ajingi da Gaya, ma'aunin nauyi da abin awon jini da na sukari ba su kai kuɗin taya ɗaya ta babbar mota ba. A saya, a raba wa kowane ɗakin shan magani, a kuma riƙa bi ana duba ko suna aiki.

Ga iyayenmu Hakimai da Dagatai da masu unguwanni, da malamanmu limamai, maganarku ta fi ta kowa shiga kunne. A riƙa jawo hankalin jama'a cewa ciwo jarrabawa ce daga Allah, tonon asirin mai ciwo kuwa zunubi ne. A kuma kira kowa da kowa da ya kai shekara arba'in ya je a auna jininsa, don in kowa yana zuwa, babu wanda za a nuna da yatsa.

Mu ma'aikatan ilmi ma da namu laifin. Darasin kiwon lafiya a makarantunmu ya tsaya a kan wanke hannu da sauro da ƙuda. Ya kamata tun daga kwalejin horon malamai a koya wa ɗalibi illar gishiri da sukari, da yadda a ke karanta awon jini, don yaron da ya koya a aji shi zai gaya wa uwarsa a gida.

Ga ɗan'uwa ko 'yar'uwa mai shan magani kuwa, ga abin da za ka riƙe. Kada ka yi fashi ko na kwana ɗaya. Duk ran da ka je karɓa, ka ce a auna maka jini, ka tambayi lambar: in ta kai 140 bisa 90 kuma ta nace, ka nemi ganin likita. Sukarin safe kafin a ci kome in ya kai 126, shi ma haka. Ka ari tef ɗin tela ka auna cikinka daidai cibiya: namiji in ya wuce inci 37, mace in ta wuce inci 31 da rabi, lokacin ragewa ya yi. Gishirin yini duka, har da na magi, kada ya wuce ƙaramin cokalin shayi ɗaya. A rage lemon kwalba da sukarin shayi, ko a lokacin buɗa baki da azumi, a koma ga dawa da gero da wake da ganye. A yi tafiyar ƙasa mai ɗan sauri rabin awa, kwana biyar a mako, mace kuwa ko a tsakar gida ta iya yi. Mai shan taba ya bari. Yawan ƙishirwa da yawan fitsarin dare da rama ba dalili alamun sukari ne, kada a jira ranar da aka rubuta a kati. Sa'an nan duk likitan da zai ba ka wani magani, ka gaya masa abin da ka ke sha, gama shi ma'aji ne na asiri.

Malamin nan da muka ba da labarinsa ya roƙe mu abu ɗaya da muka je gaishe shi, ya ce mu gaya wa mutane su riƙa tambaya. Mun isar da saƙonsa. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kuma ba shugabanninmu ikon yin abin da ya kamata, amin.